Gargaɗi: naira 340,000 muka biya, aka aiko mana garin rogo da sunan maganin tarin Indiya

Naira 340,000. Roba 40, kowace 8,500. Ku ajiye wannan lissafin a ranku kafin ku karanta sauran, domin har yanzu in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi zafi. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp na masu shagunan maganin gargajiya da Islamic Chemist, yana tallar Sitopaladi Churna, wai kai tsaye daga jihar Kerala ta Indiya. Macuci ne. Ban kama sunansa ba tukuna saboda maganar tana hannun hukuma, amma hotunan hirarmu da rasit ɗin tiransifa suna nan, zan ɗora su.

Kada wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce wauta ce ko kwaɗayin araha. 8,500 ba araha ba ce. Kuma Sitopaladi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Garin magani ne na Ayurveda, tsohon haɗin Indiyawa na tari da majina, kuma ma'auninsa sananne ne: sukarin dutse da suke kira mishri kashi 16, vanshlochan, wato farin ƙanƙarar da ake samu cikin gabar gora, kashi 8, pippali, doguwar 'yar uwar masoro, kashi 4, hel, wato cardamom, kashi 2, kirfa kashi 1. Jimilla 31. Ana lasar giram 1 zuwa 3 da zuma, sau biyu ko uku a rana. Da wannan na gwada shi. Na ce Malam, faɗa min haɗin. Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Alhaji, sha shida, takwas, huɗu, biyu, ɗaya." Nan ya gama da ni. Sha shida, takwas, huɗu, biyu, ɗaya. Yawancin masu tallar nan ko sunan ba su iya faɗa daidai, shi kuwa har ya ƙara da cewa a kula da masu ciwon suga tunda fiye da rabin garin sukari ne. Gaskiya ce kuwa. To wa zai ji wannan ya ce ɓarawo ne?

Kayan sun iso tasha ranar Talata. A'a, kafin nan ma, sai da ya aiko samfuri, roba ɗaya, kyauta, har kuɗin mota shi ya biya. Samfurin nan na gaske ne, na rantse. Launinsa fari-fari mai ɗan duhun ƙasa, ka buɗe ƙamshin hel da kirfa ya doke ka, ka ɗora a harshe zaƙi ya fara zuwa, bayan 'yan daƙiƙu yajin pippali ya biyo yana tsikarar harshe da maƙogwaro, sannan ka ji ɗan tsaki-tsakin vanshlochan tsakanin haƙora. Jikin robar da lambar lasisin kamfani, da lambar rukuni, da ranar ƙarewar aiki, da jerin kayan haɗi. Bayan wannan ne na tura 340,000, a tashi ɗaya, ba ko kafin alƙalami. Ya ce kwantena za a rufe, in ban cika ba wani a Kaduna zai ɗauke. Alat na shiga ya turo min addu'a mai tsawo.

Katan biyu ne. Robobin saman, guda huɗu, irin samfurin ne. Sauran 36 ɗin kuwa, tun daga murfi abin ya nuna: babu takardar like a ƙarƙashin murfin, lambar rukuni iri ɗaya ce da ta samfurin amma tawadarta na gogewa da yawu, harafin sunan maganin ma an rubuta shi iri biyu a gaba da baya. Garin fari fat, santsi kamar hoda, ƙamshin kirfa kaɗan a sama-sama, yaji babu ko ɗigo.

Ga gwajin da aka yi, kowa zai iya a kan teburinsa. Zuba cokalin shayi ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi ka juya. Na gaske sukarinsa narkewa yake, ƙurar kayan yaji ta taso, vanshlochan ya kwanta a ƙasa kamar farin yashi. Wannan kuwa ruwan ya yi fari kamar an dama kamu, da aka ɗora a wuta sai ya yi kauri ya koma koko. Sitaci ke nan. Aka ɗiga aidin ɗin wanke ciwo, nan take ya rine shuɗi mai duhu kusan baƙi. Na gaske ma yakan ɗan sauya tunda pippali da hel suna da ɗan sitaci, amma ba irin wannan rinewar ba. Sai aka matsa lemon tsami a kan abin da ya kwanta a gindin kofi, ya hau kumfa yana tsuwwa. Alli ne. Vanshlochan silika ne, ba ya kumfa da tsami. Garin rogo, alli, sukarin gari da ɗan kirfa. Wannan na saya 8,500 kowace roba.

Kuma sai yanzu nake tuna abin da ya kamata ya tsayar da ni. Na tambaye shi lambar NAFDAC tun a farkon hira, ya ce "tana kan hanya, Alhaji, ka san aikin gwamnati." Na bar zancen. Ni da na san maganin gargajiya da aka yi wa rajistar wucin gadi lambarsa da harafin L take ƙarewa, na kuma san ana iya duba ta a Greenbook, shafin NAFDAC na intanet mai jerin magungunan da aka yi wa rajista, cikin minti biyu. Na bar zancen saboda sha shida, takwas, huɗu, biyu, ɗaya.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ruwan maganin da yake haɗawa da shi, wai na ganyen vasaka, yana cewa yana tsayar da asma a dare ɗaya kuma mai ciki ma ta sha. Ƙarya biyu a jimla ɗaya. Vasaka ganye ne mai aiki, daga sinadarinsa vasicine aka samo hanyar haɗa bromhexine da ke tsinka majina, amma yana motsa mahaifa, Indiyawan da kansu suna hana mai ciki. Kuma duk maganin itace da ya kwantar da asma dare ɗaya, a yi zargin an daka dexamethasone ko prednisolone, ƙwayoyin asibiti masu ƙarfi da ake kira steroid, a ciki. In aka daɗe ana shan su fuska ta kumbura, suga da hawan jini su tashi, a daina sha kwatsam jiki ya rushe. Ko kayan da ba na jabu ba sai an yi hattara: binciken da aka yi a Boston ta Amurka a 2004 ya sami dalma ko zaiba ko arsenik a 14 cikin magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shaguna. Bare abin da aka cika a bayan gida.

Na kira shi ranar da katan ya iso, ya ɗauka, ya ce yaransa ne suka yi kuskuren lodi, zai canza. Washegari ya ce yana jana'iza. Ranar Juma'a hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. Asusun da na tura kuɗin ma ba sunansa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne, wannan ma na gani na wuce. Yanzu an ce ya buɗe sabon shafi da wani suna, hotunan katan ɗin dai su ne, har da tabarmar da ke ƙasa. 340,000.

Kada ku biya kafin ku buɗe robar ƙasan katan. Babu lambar NAFDAC, babu ciniki. Wanda ya riga ya saya ya sauke daga kanta yau. Kada a ba jaririn da bai kai shekara ba zuma, da magani ko babu. Tarin da ya wuce mako biyu, ko mai jini, ko mai zufar dare da rama, a je a yi gwajin majina na tarin fuka, kyauta ne a asibitin gwamnati. Hotunan suna zuwa da daddare, har da bidiyon kokon.