Yawon keke a Faransa: bakin Loire ko bakin Gironde?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce kana karatu a Faransa, ka samu hutun mako guda a watan Satumba, kana so ka ɗaura kaya a keke ka bi hanya marar hayaniya, inda za ka ga kogi yana shiga teku ka kuma ratsa gonakin inabi. An ba ka shawarar kogin Loire, an ba ka ta mashigar teku ta Gironde, ka rasa wadda za ka ɗauka. Ni dai Gironde zan ce maka, ta gaɓar gabas. Amma bari in jera maka su ka auna da kanka, don akwai mutumin da Loire ta fi dacewa da shi nesa ba kusa ba.

Loire shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000. Hanyar keken da ke binsa, Loire à Vélo, ta kai kimanin kilomita 900, daga Cuffy kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins a bakin Atilantika, kuma yanki ce ta EuroVelo 6 wadda ke zarcewa har Baƙin Teku. A mako guda abin da za ka ci cikin natsuwa shi ne Saumur zuwa Angers, zuwa Nantes, zuwa bakin teku, kilomita 200 da 'yan kai. Hanyar shimfiɗe take, sau da yawa a kan jingar da aka yi don tare ambaliya, kuma alamomi sun wadata har da wuya mutum ya ɓata. Babbar garaɓasarta jirgin ƙasa: layin dogo yana tafe kafaɗa da kafaɗa da kogin, in gwiwa ta ƙi ko ruwan sama ya tsinke sai ka tura kekenka tasha mafi kusa.

Inda take da tangarɗa a kan buƙatarka shi ne ta raba maka abubuwa biyun da kake nema. Inabi yana wajen Saumur da yankin Anjou da ke kewaye da Angers, a kan tuddan farin dutsen da mutane suka fafe suka yi ɗakuna da rumbuna a ciki, wasu kogunan dutsen ma laimar kwaɗi ake nomawa a cikinsu. Galibin sauran inabin yana kudu maso gabashin Nantes wajen Clisson, sai ka saki hanya ka je musamman. Shi kuwa bakin kogin, daga Nantes zuwa Saint-Brevin, fadama ce da makiyayar shanu. Akwai daɗin tafiya a gefen magudanar Martinière, wadda aka buɗe a 1892 mai tsawon kilomita 15, kuma jirgin fito na Le Pellerin kyauta yake ɗaukar mutum da kekensa. Sai dai in ka ɗaga kai ka dubi tsallaken arewa, tashar lantarki ta Cordemais da matatar mai ta Donges ne za su tare maka ido. Ga kuma jama'a. Wannan na cikin hanyoyin keke da suka fi cika a ƙasar, a Yuli da Agusta ayari ne bayan ayari. Satumba da sauƙi, amma ba za ka kira ta hanyar kaɗaici ba.

Gironde ta bambanta tun daga halittarta. Garonne da Dordogne ne suke haɗuwa a Bec d'Ambès, ƙasa da Bordeaux, su zama ruwa ɗaya mai tsawon kimanin kilomita 75, faɗinsa a wani wuri ya kai 12. Babu mashigar teku da ta kai ta girma a yammacin Turai. Ruwan ja-ja ne mai laka, kamar gulbi a farkon damina, saboda teku na cikowa ya turo lakar sama, ya janye ya sake jawo ta, sau biyu a rana. Da safe ka ga kwale-kwale a kwance kan taɓo a 'yar tashar ƙauye, kafin ka gama cin abincin rana ya taso yana lilo a kan ruwa.

Daga Royan zuwa Blaye kimanin kilomita 100 ne, a kan hanyar da suke kira Canal des 2 Mers à vélo, wadda ke ƙarewa can Sète a bakin Bahar Rum. Da ka bar Royan za ka riski Meschers da kogunan dutsenta masu kallon ruwa, sai Talmont, ƙauyen da Sarki Edward na ɗaya na Ingila ya kafa a 1284, da tsohuwar majami'arsa ta ƙarni na 12 a tsaye daf da bakin gaɓa. Duk tsawon hanyar za ka riƙa ganin 'yan rumfunan masunta a kan dogayen turaku cikin ruwa, siririyar gadar katako ta haɗa kowace da tudu, a gabanta an rataye koma mai kusurwa huɗu. Mai rumfa yana zaune, in ruwa ya ciko ya sassauta igiya komar ta nutse, jim kaɗan ya murɗa ya ɗago ya ga rabonsa. A nan inabi da ruwa tare suke tafiya, kunyoyin inabi a hagunka suna gangarowa, kogi a damanka. Abin da ka tambaya ke nan, kuma Loire ba ta ba ka shi a wuri ɗaya.

Kuɗin wannan kallo da cinya ake biyansa. Tsakanin Talmont da Mortagne hawa ne da gangara, gajeru amma masu tsini, da kaya a kariya sai keke mai giya da birki mai ci. Bayan Mortagne sai fadama ta buɗe, shiru, daga tsuntsaye sai shanu, babu inuwa, shaguna sun yi nisa da juna. Nan ma akwai tashar nukiliya ta Blayais a kan hanya, kada in ɓoye maka bayan na faɗi na Loire. Sannan Blaye ba ta da jirgin ƙasa na fasinja. In taya ta fashe a tsakiyar fadama, kai ne bakaniken kanka, don haka tubu na ajiya da kayan faci da famfo ba abin mantawa ba ne.

Blaye ta cancanci kwana. Ganuwarta injiniyan soja Vauban ne ya gina wa Sarki Louis na 14 daga 1685 zuwa 1689, tare da Fort Pâté a kan tsibiri da Fort Médoc a tsallake, don igwa ta rufe wa jiragen abokan gaba hanyar Bordeaux. UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2008. Daga nan zaɓi biyu gare ka. Ko ka bi hanyar gefen dutse zuwa Bourg ka sauka Bordeaux, ko ka shiga jirgin fito zuwa Lamarque, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, ka faɗa yankin Médoc. Can ne manyan sunayen yankunan inabi suke, Margaux da Pauillac da Saint-Estèphe, akwai kuma jirgin ƙasa da zai mai da kai Bordeaux. Ka dai guji babban titin D2 mai ratsa gidajen gonar, motoci sun yi masa yawa, ƙananan hanyoyin bakin ruwa sun fi kwanciyar hankali.

Maganar inabi, ka san dai na barasa ne, a duk yankunan biyu. 'Ya'yan ƙanana ne, masu kaurin ɓawo da ƙwallaye, kuma gona ta mai ita ce, ba a miƙa hannu. Satumba lokacin girbi ne, tarakta da motocin ɗiban inabi suna cika ƙananan hanyoyi tun da sassafe, ka riƙa ba su wuri. Inda ya kamata Musulmi ya buɗe ido shi ne kwanon abinci. A wajen Saumur suna da ɗan burodin da ke kumbura a tanda, fouée, wanda galibi da dakakken naman alade ake cusa shi, sai ka ce a sa maka wake ko cukun akuya. Miyar man shanun da ake zuba wa kifi a Nantes da barasa ake haɗa ta. A Gironde kuwa galibin abin da aka rubuta masa à la bordelaise da barasa aka dafa shi, har ɗan kek ɗin nan canelé ana sa masa barasar rake. Masallatai da mahautan halal suna Nantes da Angers da Bordeaux, a ƙauyuka kuwa guzurinka ne gatanka, kuma a wannan fanni Loire ta fi sauƙi don manyan garuruwanta sun fi kusa da juna. Shagunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana da yammacin Lahadi, wasu har Litinin. Ruwa kuwa, yawancin maƙabartun ƙauye suna da famfo a bakin ƙofa, ka cika gora matuƙar ba a rubuta non potable ba, wato ruwan da ba na sha ba.

Iska ma abin lissafi ce. Galibi daga yamma take busowa, saboda haka mai bin Loire zuwa teku da ita zai yi ta kokawa, mai tashi daga Royan ya nufi Bordeaux kuwa sau da yawa tana bayansa ko gefensa. Kuma in Loire ka zaɓa, ka sani Saint-Brevin ba ta da tasha, jirgi yana Saint-Nazaire a tsallaken gada mai tsawon mita 3,356, ga iska ga manyan motoci. A watannin zafi akan tanadi motar da ke tsallakar da kekuna, ita ta fi hawa gadar da kaya.

In da iyali za ka tafi, ko ba ka taɓa kwana a hanya da keke ba, ɗauki Loire ba tare da dogon tunani ba. In kai kaɗai ne ko da aboki mai ƙafa, hau jirgi zuwa Royan ka gangaro. Masauki kuwa nemi masu alamar Accueil Vélo, ba sa wuce kilomita 5 daga hanya kuma suna da wurin kulle keke. Ka kama ɗaki tun kafin ka tashi, don lokacin girbi ɗakunan ƙauyukan inabi kan ƙare da wuri.