Wata Shida Ina Aiki da vfio-pci: Tsohon Katin Sautina da Rigimar Layi na 16

Ina da ƙaramin situdiyo inda nake naɗar tallace-tallacen rediyo da karatun malamai. Jigon aikin wani tsohon katin sauti ne mai shiga gurbin PCI, wanda na fi shekara goma ina amfani da shi, kuma har yau ban ji abin da ya kai shi tsabtar murya a kuɗinsa ba. Damuwarsa ɗaya ce: masu ƙera shi sun daina fitar da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin, tun zamanin Windows 7, shi kuwa Windows 7 an daina tallafa masa tun Janairun 2020. Da tsohuwar kwamfutata ta ƙone bayan wuta ta zo da ƙarfi wani dare, sai na sayi ta hannu mai Core i5 na ƙarni na uku, na saka mata Debian, wani nau'in Linux, na yanke shawarar ajiye Windows 7 a cikinta a matsayin baƙo, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin Debian, shi kuma Debian ya zama mai masauki, ba tare da intanet ba, in miƙa masa katin kai tsaye.

Abin da ke yin wannan miƙawar shi ne vfio-pci, wani ɓangare na tsarin VFIO da Alex Williamson na Red Hat ya shigar cikin Linux 3.6 a 2012. Yana aiki tare da QEMU da KVM, manhajojin da ke gudanar da baƙon. Shirin farko bai ba ni wahala ba. Na kunna VT-d, fasahar Intel da ke ba da damar miƙa na'ura ga baƙo, a BIOS, na ƙara intel_iommu=on a layin tashin kwamfuta, na ɗaure katin ga vfio-pci. Cikin rabin awa na gama.

Da na danna tashi, baƙon ya ƙi tashi.

QEMU ya ce "Device or resource busy", a dmesg kuma, inda Linux ke nuna saƙonninsa, na ga saƙon da ke ɗauke da "Flags mismatch irq 16", da sunan katina a gefe ɗaya, na mai kula da USB a ɗaya gefen. Kwana biyu na yi kafin na gane abin da ake gaya mini, kuma a nan ne duk labarin yake.

Duk lokacin da na'ura ta gama wani aiki, sai ta katse wa kwamfuta hanzari ta ce a zo a duba ta. Wannan shi nake kira kiran katsewa. Tsofaffin katunan PCI suna yin sa ta layin da ake kira INTx, kuma layuka huɗu ne kawai, INTA zuwa INTD, shi ya sa na'urori da yawa kan haɗu a kan guda. Halin wannan kira kamar na mai sallama ne da ba ya yin shiru sai an amsa masa. Katin zai riƙe layin, ba zai saki ba sai direbansa ya zo ya taɓa shi. To ga inda gizo ke saƙar: direban yana cikin baƙo, kiran kuwa mai masauki ne yake fara jin sa. Mai masauki bai san yaren katin ba, ba zai iya sa shi ya yi shiru ba. Idan ya zuba ido, sallamar za ta yi ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, baƙon ma ba zai sami sukunin tashi ya amsa ba.

Dabarar vfio-pci ita ce toshewa. Kira na shigowa, sai ya toshe shi nan take, ya aika wa baƙo cewa ana nemansa. Direban da ke ciki ya yi aikinsa, ya sanar cewa ya gama, sannan a buɗe toshiyar. Kowane kira guda sai an yi wannan zagayen.

Hanyar toshewar biyu ce. Ƙa'idar PCI 2.3 ta kawo wani ɗan makulli a jikin katin kansa, bit na 10 a rijistar umarni, wanda lspci, umarnin da ke nuna bayanan katunan PCI, ke nunawa da suna DisINTx. Katin da ke da shi, ana rufe masa baki shi kaɗai, maƙwabtansa na layi su ci gaba da harkarsu. Wanda ba shi da shi kuwa, dole a toshe layin gaba ɗaya, kuma duk wanda ke kan layin toshiyar ta shafe shi. Saboda haka vfio-pci ba ya yarda irin wannan kati ya raba layi da kowa. Katina ya girmi makullin, kuma ya tarar da USB zaune a layi na 16.

Wani abu ya ɓatar da ni da ya kamata in faɗa. Na ga DisINTx da alamar ragi a lspci, na ɗauka shaidar rashin makullin ke nan. Ba haka ba ne. Alamar tana nuna halin da makullin yake ciki a wannan lokacin ne kawai, a rufe ko a buɗe. Linux da kansa gwadawa yake yi, ya juya bit ɗin ya ga ko ya zauna. Na gwada da setpci, umarnin da ke sauya saitin kati, nawa bai zauna ba.

Madabod ɗin gurbin PCI ɗaya ke gare shi, don haka babu zancen sauya wa katin wuri. Sai na raba mai masauki da wancan mai kula da USB. Ina buga umarnin, ƙanena da ke taya ni aiki ya ɗago kai ya ce, "Yaya, linzamin ya tsaya fa, kibod ɗin ma ba ya rubutu." Ashe dukansu a wannan layin suke. Ta wayata na shiga kwamfutar da SSH, hanyar sarrafa ta daga nesa, muka bi ramukan USB na baya ɗaya bayan ɗaya da filashi a hannu, har muka gano waɗanda suka mutu da waɗanda ke da rai. Na manna wa matattun farin salatif don kada wani ya soka abu a ciki. Daga nan baƙo ya tashi, Windows ya ga katin, direba ya shiga, koren fitilar akwatin waje da ke haɗe da katin ta kama. Na ji daɗin ganin fitilar nan ƙwarai.

A ranar na ji haushin ƙin tashin. Yanzu ina ganin gaskiyar masu tsarin ce. Da sun bari an raba layin, duk lokacin da baƙo ya yi jinkirin amsawa, kibod da filashin mai masauki za su daskare tare da shi, kuma ba zan taɓa sanin dalili ba. Gara a ce mini a'a tun a bakin ƙofa. Inda nake da ƙorafi shi ne saƙon kuskuren. Da ya fito fili ya ce katin ba shi da makulli kuma layinsa na haɗaka ne, da kwana biyun nan ba su tafi ba.

Game da aiki kuwa, ga abin da kunnena ya shaida. A naɗi mai ɗaukar samfurin sauti 48,000 a daƙiƙa, idan ma'ajin sauti, wato yawan samfurin da ake tarawa kafin kowane kira, ya kasance 64, katin zai yi kira sau 750 a daƙiƙa, kowanne da toshewa da buɗewa. A nan nakan ji ƙas-ƙas jefi-jefi. A 128 kiran ya koma 375, ƙarar ta kusa ɓacewa, sai dai in mai masauki yana kwafar manyan fayiloli. A 256 na tsaya, jinkirinsa bai wuce milisakan biyar da ɗoriya ba, kuma na naɗi karatun awa biyu cur ban ji ko tari ba. Ga mai naɗar murya wannan ya wadatar. Mai buga fiyano yana sauraron kansa kai tsaye zai iya jin ɗan bambanci.

Daga baya na ƙara katin USB na PCIe na miƙa wa baƙon, sai na ga tazarar da ke tsakanin zamani biyu. Shi yana amfani da MSI-X, inda kiran saƙo ne da na'ura ke rubutawa sau ɗaya ta koma aikinta, ba layi take riƙewa ba. MSI, wanda ya riga shi fitowa, na kaiwa kira 32, MSI-X har 2048, babu raba layi, babu wancan zagayen na kowane kira. A /proc/interrupts sunansa ya fito da vfio-msix, ban taɓa komai ba ya yi aiki. Na so in juya katin sautin zuwa wannan hanya ta MSISupported a rijistar Windows, kamar yadda masu katin hoto ke yi in sauti yana kakkarye musu, amma lspci ya nuna ba shi da MSI ko kaɗan. Zaɓin nointxmask na vfio-pci ma ba nawa ba ne. An yi shi ne don katunan da ke nuna suna da makulli alhali ba ya aiki daidai, kuma shi ma yana tilasta layin kaɗaici.

Idan na'urarka ta PCIe ce mai MSI, ka shiga ba fargaba. Idan tsohuwar PCI ce irin tawa, kafin ka biya kuɗin kwamfuta ka tashe ta da Linux daga filashi, ka soka katin, ka duba da wa yake zaune a layi, kuma ka tabbata abin da za ka iya rabuwa da shi ne. Ni ramukan USB na rasa, na sayi ƙaramin mahaɗi mai baki huɗu na cike gurbinsu, kuma yau wata shida ke nan katin yana naɗi kusan kullum.