Sashen gaggawa na yara da bai yi gaggawar ɗaukar hoton CT ba

Ranar da ɗiyata mai shekara shida ta faɗo daga kan keke ta bugu a kai, na isa sashen gaggawa na yara ina da yaƙinin cewa za a ɗauke ta hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki daki-daki, nan take. Likitar ta haska idanunta da ƙaramar fitila, ta shafa bayan kunnuwanta, ta tambaye ni ko ta suma ko ta yi amai, sannan ta ce: "Baban yarinya, za mu sa mata ido na awa huɗu tukuna."

Da na nuna damuwa, ta zauna ta bayyana mini cewa suna bin ƙa'idar PECARN, wadda aka wallafa a 2009 domin gane yaran da ba su buƙatar hoton, kuma radiyeshin ɗin CT, wato hasken da na'urar ke aikawa cikin jiki, ya ninka na eksire sau da yawa, alhali jikin yaron da ke kan girma ya fi na babba saurin cutuwa da shi. Wani bincike da aka yi a Birtaniya a 2012 ya danganta maimaita hoton da ƙaruwar haɗarin sankarar jini da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa, ko da yake haɗarin ƙarami ne ga yaro guda. Ta ƙara da cewa idan alamu suka canza, za a ɗauki hoton ba tare da jinkiri ba, da ma'aunin radiyeshin da aka rage daidai da nauyin yarinyar.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne an sallame mu ba tare da takardar alamomin haɗari ba, sai bayani da baki. Duk da haka ina yaba wa sashen ƙwarai.