Sufetan Ingila da na Amurka a ƙofar masu kuɗi

Malama, kin tambaya ko 'yan sanda kan ɗaga wa iyalan masu kuɗi ƙafa a littattafan binciken laifi. Suna yi, amma yadda marubutan Ingila suka nuna abin daban yake da na Amurka.

A littattafan Ingila na tsakanin 1920 da 1940, sassaucin na kara ne. An yi kisa a katafaren gidan wani basarake a ƙauye, sufeto ya zo ya cire hula, ya nemi izini kafin ya yi wa uwargida tambaya. Akwatin 'yar aiki kuwa tuni an zazzage shi. Wanda zai warware lamarin ma galibi ba ɗan sanda ba ne, wani ɗan babban gida ne da ke cin abinci tare da waɗanda ake zargi. Wannan ba ƙirƙira ba ce zalla. A 1860 Sufeto Whicher na Scotland Yard, wato hedikwatar 'yan sandan Landan, ya zargi Constance Kent da kashe ƙaninta a gidan Road Hill, jaridu suka yi masa ca don ya taɓa 'yar mutunci, sai a 1865 ta amsa laifin da bakinta. Kuma har zuwa 1948, basaraken Ingila da ake tuhuma da babban laifi a Majalisar Iyayen Ƙasa (House of Lords, majalisar masu sarauta) ake yi masa shari'a, ba gaban talakawa ba. Duk da haka, a ƙarshen littafin ana bayyana mai laifi ko ɗan waye. Gatan da ya rage masa shi ne wani lokaci a bar shi shi kaɗai a ɗaki da bindiga, don kada sunan gidansu ya shiga kotu.

Na Amurka, musamman waɗanda labarinsu ke faruwa a Los Angeles, babu ruwansu da kara, ciniki ne. Attajirin mai ya kira babban lauyan gwamnati, takardu su ɓace, a mayar da ɗan sanda mai gaskiya wani lungu. Marubutan a gabansu abin ya faru: a 1938 aka ɗana wa wani mai bincike, Harry Raymond, bam a mota, kotu ta kama wani kyaftin ɗin 'yan sanda da laifin, kuma a shekarar jama'a suka tsige magajin gari Frank Shaw. Shi ya sa jaruminsu yakan gano gaskiya, amma ya rasa wanda zai kai wa ita.

Ni dai na fi yarda da na Amurka, domin yana sa mai karatu ya ji zafin zaluncin. Na Ingila yana da daɗin karatu, ba na musu, sai dai za ki iya gama littafi guda ba ki lura an wulaƙanta kuku da direba ba, kuma babu wanda ya ba su haƙuri bayan an gane ba su da hannu.