Tawagar ganuwa da na saya a hannun wani koci: kuɗina bai fita ba

Da farko dai in faɗi gaskiya, satin farko na ji daɗin tawagar nan ƙwarai. Kun san mutumin da ke tallar darasin wasan Pokémon a zauren nan namu na intanet, ba sai na kama suna ba, kun kuma san abin da yake karɓa. Na biya, ya turo min jerin dodanni shida na ajin OU (ajin dodannin da aka fi amfani da su) a Pokémon Showdown, shafin da ake karawa da juna a intanet: Blissey, Toxapex, Dondozo, Clodsire, Corviknight da Gliscor. Irin tawagar da ba ta kai hari, sai dai ta tsaya kamar ganuwa har abokin karawa ya gaji don kansa. Ya ce min, "Ɗan'uwa, wannan ba ta da ƙofa, ka yi haƙuri kawai za ka ci."

Kuma na ci ɗin. Akwai wani da ya yi Dragon Dance, dabarar ƙara ƙarfi da sauri, har sau uku da dodonsa Dragonite, yana ganin ya gama da ni. Na jefa Dondozo, wanda baiwarsa ta Unaware ba ta ko kallon ƙarin ƙarfin da ka tara. Bugun ya sauka kamar an jefi giwa da tsakuwa. Mutumin ya fice daga wasan ko sallama babu. Ranar har yabon kocin na yi a zaure.

Sai daren Laraba.

Na haɗu da wani mai Ting-Lu da Gholdengo da Great Tusk. Tun juyi na farko ya shimfiɗa Stealth Rock, ya bi da Spikes har hawa uku, wato duwatsu da ƙayoyin da ke cin jinin dodon da na sako fili. Ban damu ba, ai ina da Corviknight mai Defog, zan share filin. Ina danna Defog ya sako Gholdengo. Abin ya ƙi. Na sake gwadawa daga baya, ya sake sako shi, ya sake ƙi. Ashe baiwarsa ta Good as Gold tana tare duk dabarar da ba bugu ba ce in aka nufe shi da ita, har da Defog. A duk tawagar kuwa Corviknight kaɗai ke iya shara. Wannan ce ƙofar da aka ce min babu.

Daga nan aka shiga cire min takalma. Huɗu daga cikin dodannina na sanye da Heavy-Duty Boots, su ne ke hana ƙayoyin nan cin su. Great Tusk ya yi wa Toxapex Knock Off, bugun da ke kaɓe kayan da dodo ke riƙe da shi, takalmi ya tafi. To ku yi lissafi da ni: duk shigowar Toxapex, duwatsu su ci kashi 1 cikin 8 na jininsa, ƙayoyi hawa uku su ci kashi 1 cikin 4. In ya fita, baiwarsa ta Regenerator ta mayar masa da kashi 1 cikin 3 kacal. Kenan kullum da giɓi ake tafiya, ana zuba ruwa a kwando. Ting-Lu kuma sai Whirlwind yake yi, yana jujjuya min dodanni a kan ƙaya kamar ana gasa tsire.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Blissey. Gholdengo ya yi mata Trick, dabarar musayar kaya, ya karɓe takalminta ya maƙala mata Choice Scarf, gyalen da ke kulle dodo a kan dabarar da ya fara zaɓa. Shi ke nan, dabara ɗaya za ta maimaita sai ta fita. Bugunta na Seismic Toss ba ya taɓa Gholdengo don fatalwa ne, guba ba ta kama shi don ƙarfe ne. Soft-Boiled ɗin da take warkar da kanta da shi ma, tun da wasannin Pokémon Scarlet da Violet suka fito a 2022 aka rage yawan amfani da shi daga sau 16 zuwa sau 8. Na zauna ina ƙirga su suna ƙarewa, an ɗauke wuta, waya ta yi zafi, caji na ja. Mun haura juyi ɗari kafin na miƙa wuya, shayin da na haɗa ya huce ban kurɓa ba.

Da na sake kallon wasan washegari, na ga akwai laifina. Gliscor ya kamata in riƙa sakowa ya tari Knock Off, domin da zarar Toxic Orb da yake riƙe da ita ta sa masa guba, ko an ƙwace ta baiwarsa ta Poison Heal, mai mayar da guba magani, na ci gaba da warkar da shi, kuma Spikes ba sa taɓa mai tashi. Tawagar ba ta banza ba ce, hannu take so.

Amma fa wa ya kamata ya gaya min haka? Ba don wannan na biya ba? Awa ɗayan da muka yi na darasi, rabinsa labarin nasarorinsa ya ba ni, ko sunan Gholdengo bai ambata ba, dodon da kusan kullum sai ka gamu da shi. Na tura masa wasan, kwana biyu sannan ya amsa da "ka ƙara atisaye". Daga baya wani abokina ya nuna min tawaga kusan irinta sak a cikin samfuran da shafin masu wasan nan, Smogon, ke bayarwa kyauta, har da bayanin wanda zai tari wa. Har yau ina wasa da ita in ina da caji da natsuwa, amma darasi na biyu da ya yi min tayi da ragi, na ce masa na gode.