Wace caja ta dace da batirin tocila da rediyo?

Yawancin masu sayen cajar batir a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi tambaya ɗaya suke yi wa mai shago: awa nawa take ɗauka kafin ta cika batir? Amsar tana cikin lambobi biyu. Ta farko tana jikin batirin, misali 2000mAh, wato yawan wutar da yake iya riƙewa. Ta biyu tana bayan cajar, inda aka rubuta abin da take fitarwa: 200mA, 500mA ko 1000mA. Raba ta farko da ta biyu, sannan ka ƙara kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari saboda wutar da ke ɓacewa ta zama zafi. Batir mai 2000mAh a kan 1000mA zai ci kusan awa biyu da rabi. A kan 200mA kuwa, awa 14.

Masana batir suna auna saurin caji da harafin C. Idan caja tana ba batir mai 2000mAh wuta 2000mA, 1C ke nan. 1000mA rabin C ne, 200mA kuma 0.1C. Ga batirin NiMH, wanda shi ne galibin ƙananan batura masu caji a yau, masu girman AA da ƙaninsa AAA, lambar da za ka nema rabin C ce ko kusa da haka.

Caja iri uku ce. Ta farko, mafi arha, ita ce mai saiɓi, mai ba da 150mA zuwa 250mA, wadda ba ta san lokacin da batir ya cika ba. Kai ne agogonta. Idan ka cire bayan awa 14 zuwa 16 babu laifi, don a wannan saurin batir yana jure ɗan ƙari. Amma ka bar shi kwana biyu a kai, to a hankali kake dafa shi. Kuma a ina za ka sami awa 14 a jere ba a ɗauke wuta ba?

Ta biyu mai agogo ce, tana yanke wuta bayan wasu awanni da aka tsara mata. A ƙasashen da wuta ba ta motsi wannan dabara ba ta da aibu sosai. A Bauchi kam ita ce mafi haɗari. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, yawancinsu daga farko suke sake ƙirga. Batirin da ya riga ya sha awa biyar sai ya sake shan cikakken zango. Ba ta kuma damu ko batirin da ka saka rabinsa kawai aka ci ba. Wannan a bar wa mai shago kayansa.

Ta uku ita ce mai yanke wuta da kanta, kuma a nan ne maganar sauri ta fi muhimmanci. Idan NiMH ya cika, ƙarfin wutarsa yakan ɗan sauka, da 'yan milivolt kaɗan, jikinsa ya fara ɗumi. Wannan saukar cajar take jira ta tsaya. Matsalar ita ce alamar ba ta fitowa sosai sai wutar da ake ba shi tana da ɗan ƙarfi. Ƙasa da 0.3C alamar takan dushe, cajar ta wuce ba ta gani ba, ta ci gaba da ɗura wa cikakken batir wuta. Shi ya sa tunanin da mutane ke yi cewa mafi saiɓi shi ne mafi lafiya ga batir ba daidai ba ne a irin wannan caja. Ga AA mai 1900 zuwa 2500mAh zaɓi 750mA zuwa 1000mA. Ga AAA mai 750 zuwa 900mAh, 300mA zuwa 500mA ya isa. Kada ka ba AAA wutar AA.

Masu cika batir cikin minti 15 kusan 4C suke bayarwa. Suna cikawa, amma suna rage wa batir kwana, balle a watan Maris da Afrilu da zafin gari kansa ke kusan digiri 40. Ko 1C da aka yarda da shi, a bazara gara ka sauko rabi. Yi caji da dare ko da sassafe, a kan siminti ko tebur, ba kan katifa ba, ba bakin taga inda rana ke bugawa ba. Ɗumi a ƙarshen caji ba komai ba ne. Zafin da ya hana ka riƙe batirin a hannu kuwa, cire shi nan take.

Kafin ka biya, duba ko kowane gurbi yana da fitilarsa. Cajar da ke karɓar batir bibbiyu kawai tana ɗaukar su kamar guda ɗaya, sai ɗaya ya cika ya wuce, ɗaya bai kai ba. Rediyo mai cin batir uku ma ya za ka yi da ita? Karanta ƙananan rubutun kuma: wasu suna ba da 1000mA idan batir biyu ne, su raba shi 500mA idan ka cika gurbi huɗu. Mai shiga ta USB ta fi dacewa da mu, don tana aiki da fawa bank ko ƙaramar sola, amma a ba ta kan caja mai 5V da 2A, in ba haka ba ba za ta kai saurin da aka rubuta ba.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan lambar jikin batirin ƙarya ce. AA na gaskiya da wuya ya wuce 2800mAh, don haka wanda aka buga wa 4000 ko sama da haka wataƙila ko rabin abin ba ya riƙewa, wutar da ka ɗauka rabin C ce sai ta zame masa 1C ko fiye. Irin wannan batir fara shi a 500mA ka taɓa shi bayan awa ɗaya.

Batirin 18650 na manyan tocila da fanka mai caji lithium ne, 3.7V, yana cika a 4.2V. Cajar NiMH ba tasa ba ce, sai dai wadda aka rubuta Li-ion a jikinta. Shi ma rabin C ya ishe shi, 1000mA zuwa 1500mA ga mai 2500 zuwa 3000mAh. Batirin da ba a rubuta masa caji ba, alkaline ko irin na rediyo da ake yarwa, kada ya shiga kowace caja, zai iya yin yoyo ya ci ƙarafan gurbin.