Feshin barkono na Counter Assault: kariya mai kyau, amma ta daƙiƙa 8 ce kacal

Ma'aikatan gandun dajin Yellowstone da na Glacier a Amurka suna shawartar duk mai shiga daji da ƙafa ya riƙe feshin korar beyar (wata babbar dabbar daji mai gashi da farata, wadda kan kai wa mutum hari), kuma jan gwangwanin kamfanin Counter Assault na jihar Montana, wanda ya fara wannan sana'a tun shekarun 1980, yana cikin waɗanda aka fi sani. Abin da ke ciki shi ne sinadarin da ke sa barkono yaji, kashi 2 cikin 100. Idan aka danna, yana fita ne kamar hayaƙi mai faɗi, ya cika wa dabbar ido da hanci da maƙogwaro har ta juya, ba tare da ya yi mata lahani na dindindin ba.

A ganina faɗin nan shi ne babban alfanunsa, domin mutumin da hannunsa ke rawa saboda tsoro ba ya buƙatar saiti irin na mai bindiga. Binciken da masana Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu suka wallafa a 2008 kan arangamomin da aka yi tsakanin mutane da beyar a jihar Alaska ya nuna cewa irin wannan feshi ya dakatar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 na mutanen sun tsira ba rauni.

Sai dai kamfanin da kansa ya ce babban gwangwanin, mai giram 290, yana kai kimanin mita 12 kuma yana ƙarewa cikin daƙiƙa 8, alhali beyar tana iya gudun da ya haura kilomita 50 a awa. Saboda haka wanda ya tura shi cikin jakar baya ya yi asarar kuɗinsa. Wurinsa yana cikin kube a ƙugu ko a ƙirji, kuma ya kamata a saba da zare makullin da ke hana shi fesuwa bisa kuskure da babban yatsa tun a gida. Akwai gwangwanin gwaji marar yaji da ake sayarwa domin wannan. Ana fesawa ne a ɗan sunkuyar da bakinsa ƙasa, a gaban dabbar, tare da lura da iska, don idan iskar ta juyo mai fesawar ne zai sha yajin.

Akwai wasu matsalolin da baƙo daga nesa zai ci karo da su. Ba a shiga jirgin sama da shi ko da a cikin kaya ne, yana iya fashewa a motar da rana ta gasa, yana da wa'adin lalacewa na 'yan shekaru, gandun dajin Yosemite da ke jihar California kuma ya haramta shi gaba ɗaya. Kuskure mafi muni shi ne a fesa shi a jikin tanti ko tufafi kamar maganin sauro, domin warin da ya rage yana iya jawo beyar maimakon ya kore ta.

Farashinsa, wanda ya kan kai dala 50 ko fiye, bai yi yawa ba ga mai daɗewa a daji, amma mai ziyarar kwana kaɗan zai fi samun sauƙi idan ya yi hayar feshi a Yellowstone. Ko da shi a hannu, doka da shawarwarin gandun suna nan: a bar aƙalla mita 91 tsakani da beyar, a yi tafiya mutum uku ko fiye ana magana da ƙarfi, kuma idan an yi kiciɓis kada a ruga, a ja da baya a hankali.